Yadda Ake Zagaya Gidan Makama a Ga Ginin Kafin Kayan Ciki

Shekara goma sha tara ke nan ina kai ɗalibai Gidan Makama, gidan tarihin da ke cikin birnin Kano, kuma kusan kowace shekara abu ɗaya nake gani. Da an ba su izinin shiga sai su ruga wajen takubba da sulke da hotunan sarakuna, su cika littafi da rubutu, su fito ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya yi awa biyu a ƙarƙashinsa. Manya ma haka suke yi. Ni kuwa jikan magini ne. Kakana na wajen uwa da ginin ƙasa ya ci abinci har ya koma ga Allah, kuma tun ina ɗan shekara tara nake jefa masa tubali yana zaune bisa katanga kamar mai hawan doki. Shi ya sa in na shiga gidan nan, ginin nake fara yi wa sallama. Abin da zan rubuta shi ne yadda nake zagaya shi, domin mai niyyar zuwa ya san inda zai tsaya da abin da zai duba.

Fara da zaɓen lokaci. In so samu ne ka je sau biyu. Zuwan farko ka yi shi a tsakiyar bazara, cikin Maris ko Afrilu, wajen ƙarfe sha ɗaya zuwa sha biyu na rana. Za a ce maka wa ke fita kallon gini cikin wannan ƙuna, to ai ƙunar ake nema. Ka sauko daga kwalta tana tururi, ka sa ƙafa cikin zaure, ka ji sanyi ya sauko maka kamar ka leƙa bakin randa. Ba fanka ba ce ta kawo shi, kaurin bango ne. Katangar ƙasa a hankali take shan zafi, kafin ya ratsa zuwa ciki rana ta faɗi, da dare kuma ta riƙa sakinsa lokacin da jiki ke son ɗumi. Wannan ba abin da ake fahimta da bayani ba ne, sai fata ta ji. Zuwa na biyu ka bari sai ƙarshen damina, zan faɗi dalili a gaba.

Ka kauce wa Juma'a daga hantsi har a sauko, domin babban masallacin birni yana kusa, hanya takan cushe. Ranakun hawan Sallah ma, musamman ranar Hawan Daushe, filin Ƙofar Kudu ba masaka tsinke. Ka ce wa mai adaidaita sahu Gidan Makama. In baƙo ne a garin, ce masa Ƙofar Kudu, gidan Sarki, daga nan taku kaɗan ne. Ka riƙe 'yan canji na kuɗin shiga, gidan yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Ka tafi da tocila ko ka cika cajin wayarka, domin abin da za ka fi kallo yana sama, cikin duhu-duhu. Ka gaida ma'aikata gaisuwar mutunci, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto. In an haɗa ka da mai zagayawa da baƙi kada ka ƙi, amma ka gaya masa tun farko, "Malam, ni gini na zo gani, ka yi haƙuri da ni in na daɗe a ɗaki ɗaya." Na lura suna jin daɗin wannan maganar, kuma sukan nuna maka lungun da ba kowa suke nuna wa ba.

Kafin ka shiga, ka ɗan riƙe tarihin a ka, ba mai yawa ba. Riwayar Kanawa ta ce a ƙarni na 15 aka gina gidan domin Muhammadu Rumfa, tun yana ɗan sarki mai riƙe da sarautar Makama. Kakansa Abdullahi Burja ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, mahaifinsa Yakubu ya riƙe ta daga 1452 zuwa 1463, sannan Rumfa ya hau ya yi shekara 36, har 1499. Da ya zama sarki, a nan ya ci gaba da zama kafin a gama masa sabuwar fada, wadda har gobe ake kira Gidan Rumfa, kuma har yau a cikinta Sarkin Kano yake. Ke nan wanda ya tsaya a ƙofar Gidan Makama ya dubi fada, yana tsaye ne tsakanin gidan da mutum ya baro da gidan da ya koma. Rumfa ne sarkin da ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da figini cikin kayan sarauta, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a Kano. Bayan tashinsa gidan ya zauna a hannun masu sarautar Makama. Bayan jihadi sarautar ta koma gidan Joɓawa, kuma Makama yana cikin huɗun da ke zaɓen sarki, tare da Madaki da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A 1903 Turawa suka ci Kano, suka yi amfani da gidan na ɗan lokaci wajen aikinsu na mulki. Daga baya aka kasa shi uku: sashe ya zama gidan tarihi, sashe makarantar firamare, sashe ya rage na Makama. Wanda za ka zagaya ɓangare ne kawai na gidan asali, ka riƙe wannan in kana auna girmansa.

Akwai tambayar da yara ke yi mini kowace shekara, kuma gara in amsa ta tun a waje. Sukan dafa bango su ce, "Malam, wannan ƙasar ita ce ta zamanin Rumfa?" Amsata ita ce, yaɓen da hannunka ke taɓawa ba nasa ba ne. Ginin ƙasa ba ya shekara ɗari biyar da fata ɗaya. Damina tana cin bayansa, rani ya zo a mayar masa. Ɗaki ya tsufa a sauke rufinsa a sake ɗaurawa, wani a rushe shi a tayar da sabo a gurbinsa. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da tsarin, da sana'ar. Wasu in sun ji haka sai jikinsu ya yi sanyi, kamar an rage wa gidan daraja. Ni a wurina nan darajar take. Gidan dutse yana iya tsayawa ko an manta da shi, amma gidan ƙasa da ya kai yau shaida ne cewa tun daga wancan zamani ba a taɓa rasa wanda ya kwaɓa ƙasa ya hau kansa ba. Sarauta ta sauya hannu a 1807, an yi basasa daga 1893, Turawa sun zo sun tafi, duk da haka rani bai daina samun magini a kan wannan katangar ba.

To, yanzu ka ja da baya, ka tsallaka gefen titi in hali ya yi, ka dubi gidan gaba ɗayansa. Abu na farko, bangon ba a miƙe yake kamar na bulo ba. Gindinsa ya fi kauri, yana sirancewa yana ɗan kwantawa ciki yayin da yake hawa. Da gangan ne. Tubali ba murabba'i ba ne, dunƙule ne mai faɗin gindi da tsinin kai, kamar ƙwai da aka zaunar, hannu ke mulmula shi rana ta busar. Ana jera shi tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a bari sahu ya sha iska kafin a ɗora na gaba. A ƙasa ana iya jera tubali huɗu ko biyar a faɗi, ana hawa ana ragewa har a ƙare da ɗaya ko biyu. Ƙasar ma ba ɗebowa ake yi a hau aiki ba. Ana jiƙa ta, a zuba ramno ko wata busasshiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta kwana tana ruɓa, a sake tattakewa. Kakana yakan ɗebi kaɗan ya murza tsakanin yatsu, ya sansana, sannan ya ce ta nuna ko ba ta nuna ba. Kududdufan da ka wuce a cikin birni, yawancinsu ramukan da aka haƙi ƙasar gina unguwanni ne, ruwa ya zo ya zauna.

Ɗaga ido zuwa saman bangon. Ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwoyi su ne zankwaye, ɗaya zanko, sunan tukkun da ake bar wa yaro a ka. Mutane sun ɗauke su ado, har an mayar da su tambari a jikin gine-ginen siminti, amma suna da aiki. Kusurwa ita ce inda ruwa ya fi ci, nauyin zanko yana danne ta, kuma shi ruwan ke fara lasa kafin ya kai ga jikin gini. Magina kuma sukan zarga masa igiya in za su sauko jikin bango yin gyara. Ɗan bangon da ya kewaye rufi, wanda zankwayen ke zaune a kai, shi ake kira rawani. Ƙasa da shi za ka ga indararo sun leƙo. Ka lura da tsawonsu. Indararo ba ya gajarta, domin aikinsa ya jefa ruwa nesa da gindin bango. A da da kututturen giginya da aka rarake ko da yumɓu ake yinsa, yanzu galibi kwano ne.

Sannan ka matso kusa ka dubi zanen fuskar gidan. Irin wannan ado tun yaɓe na ɗanye ake yinsa, da yatsu da tafin hannu, wani a tayar da shi ya fito, wani a karce shi ya shiga. Ka nemi dagi, ka nemi layukan da ke bin juna suna sarƙewa kamar aikin wuyan babbar riga. Kamannin ba na banza ba ne, ido ɗaya ne ke aikin allura da aikin bango a garin nan. Ka tsaya ta gefe, ba ta gaba ba, domin inuwa ce ke fito da zanen ƙasa. Da safe ko da la'asar ya fi fitowa.

A mashiga za ka tarar da tsofaffin igogi na Turawa da manyan tukwane da aka tono. Ka dube su, amma abin da nake so ka ba lokaci shi ne ƙyauren ƙofofin gari da aka adana a gidan, na Ƙofar Waika da na Ƙofar Kabuga. Ka matsa ka ga yadda maƙera suka jera ƙarafa suka ɗinke da ƙusoshi, kowace ƙusa da bugunta. Ta wajen Kabuga rundunar Kanar Morland ta shigo ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Sarkin Shanu da 'yan mutanen da aka bari suka tsaya a fada har aka kashe shi. Alu bai sake shiga Kano ba, a Lakwaja ya rasu a 1926, Turawa kuma suka naɗa Abbas. Nakan tsayar da yara a gaban ƙyauren nan in ba su labarin a tsaye, domin ya fi shiga in mutum yana kallon ƙarfen da aka rufe a wannan safiya bai hana ba.

Yanzu ka shiga zaure, kuma a nan nake roƙon ka yi haƙuri. Kada ka karanta komai tukuna. Tsaya tsakiyar ɗakin, ka bari idonka ya saba da duhu, sannan ka haska sama.

Duk hikimar ginin Hausa daga matsala ɗaya ta taso, wato gajartar azara. Azara tsagin kututturen giginya ce, an fi son na namijin da ba ya 'ya'ya, don ya fi tauri. Tana da nauyi, gara ba ta cinta, tana iya fin wanda ya sa ta daɗewa, shi ya sa in gida ya faɗi azararsa ake fara tsincewa. Amma in ka shimfiɗa ta ka ɗora mata ƙasa, ba ta ɗaukar fiye da kamu huɗu, kusan mita biyu, sai ta lanƙwashe. To yaya za a yi ɗakin da zai ɗauki fadawa talatin da sandar da ba ta wuce mita biyu? Hanya mai sauƙi ita ce a kafa ginshiƙai a tsakiya. Hanya ta biyu a fito da tauyi daga bango, wato a jera azara tana leƙowa sahu bisa sahu don a rage tazara. Hanyar gwanaye kuwa ita ce bakan gizo.

Ka bi bakan da ido daga inda ya tsiro a jikin bango. Abin da kake gani kamar ƙasa ce zalla da aka lanƙwasa, amma cikinsa azara ce. Magini yana dasa ta a bango tana ɗan karkata zuwa ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sai ya ɗora wata a kanta ta zarce ta farko ta ƙara karkata, ya sake ɗaurewa ya sake lulluɓewa. Haka daga wancan bangon. Kowane ɓari ana ce masa ƙafa. Ƙafafun suna tahowa suna neman juna a sama, ba katakon da ya tallafe su daga ƙasa, har ranar da za su haɗu a ɗaure su da azarar da ta ratsa duka biyun. Na taɓa ganin wannan ranar sau ɗaya ina yaro, a soron wani attajiri a unguwarmu. Kakana bai yi wa kowa magana ba tun asuba, sai da ya ɗaure ya sauko ya ce a kawo fura.

In baka biyu ko fiye suka gitta juna, rufi ya rabu gida-gida, kowane gida bai fi ƙarfin azara ba. Wannan shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake gitta itace a bakin gugar fata. Ga abin da za ka yi a kowane ɗaki: ka ƙirga ƙafafun, ka nemo inda suka haɗu, sannan ka dubi yadda aka cike tsakaninsu. Inda ba a shafe azarar ba za ka ga an jera ta a karkace, wannan sahu ya nufi nan wancan ya nufi can, kamar saƙar tabarma. A tsofaffin soraye akan manna tasa ko faranti a cibiyar rufin, in ka ga haka ka san ado ne da alamar inda aiki ya ƙare. Yawan ƙafafu da tsawon rufi suna gaya maka darajar ɗaki. Ɗakin da mai gida ke karɓar manyan baƙi ba ya zama daidai da na ajiya. Gidan yana da ɗakunan nuni goma sha ɗaya, kuma in ka yi wannan ƙirgar a kowanne, kafin ka kai na biyar za ka fara gane ɗakin da aka yi don a gani da wanda aka yi don a wuce, ba tare da kowa ya gaya maka ba.

Kana tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki, ka riƙa tsayawa a bakin ƙofa kana duba iyakar inda idonka ke kaiwa. A gidan Bahaushe ƙofar shiga zaure da ta fita ba sa kallon juna. Baƙo yana tsayawa a zaure. Wanda aka yarda da shi ya wuce filin ƙofar gida, inda samari da barori da dawaki suke. Daga nan sai shigifa, wadda ba kowane namiji ke tsallake ta ba, sannan cikin gida. A gidan talaka matakin biyu ne ko uku, a gidan basarake soro bayan soro ne, kuma inda aka tsayar da kai shi ne matsayinka. Yanzu da gidan ya zama na kowa ana ratsa shi ba shamaki, amma karkacewar ƙofofin tana nan. Ka kula kuma da kaurin bango a bakin ƙofa, nan ne kaɗai za ka iya auna shi da hannu. Nakan sa yaro ya miƙa hannu daga kafaɗa ya ga ko yatsunsa za su kai ɗaya gefen. Tagogi ƙanana ne kuma a sama suke, zafi ya fita, haske ya shigo kaɗan, idon mai wucewa kuma ya tsaya a waje.

Sai ka gama wannan sannan ka koma kan kayan da aka ajiye, kuma suna da yawa: taswirar ganuwa da ƙofofinta, tarihin sarauta tun daga Bagauda, Kano ta ƙarni na 19, basasar Tukur da Yusufawa, kayan yaƙi, kayan sana'a, kayan kiɗa, da ɗakin amarya da jerenta. Ba zan daɗe a nan ba, rubutun da ke jikinsu da mai zagayawa da kai sun ishe ka. Abu ɗaya kawai, in ka zo wajen kayan rini da na jima ka tuna da su, domin suna da hannu a rufin da ke kanka.

Ga yadda abin yake. Bayan an jera azara akan shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta wajen indararo. Ƙasa kaɗai ba ta tare ruwan Agusta, sai an shafe ta. Shafe mai sauƙi shi ne makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa da ƙasa, shi ke ba bango wannan launi mai duhu-duhu, amma ba ya wuce 'yan damina. Mai ƙarfin shi ne laso. Ana ɗebo katsi, wato laka mai kwanciya a gindin karofin marina, a ƙona a daka. A samo gashin awaki daga majema. A daka dafara, wani tsiro mai yaɗo, a jiƙa ta har ta yi yauƙi. A haɗa ukun a shafe rufi da rawani. Ke nan rufin babban gida a Kano sai da marini da majemi da manomi da mai saran giginya suka sa hannu kafin magini ya gama. In ka fita ka bi ta marinar Ƙofar Mata ka leƙa cikin karofi, za ka ga inda katsin ke fitowa. Yau karofin da ke aiki sun ragu, kuma da raguwarsu laso ya yi wuya. Wanda ke son gidajen nan su rayu dole ya damu da marina.

Wannan ya kawo ni ga zuwa na biyu, na ƙarshen damina, cikin Satumba ko farkon Oktoba. A wannan zuwan ba sanyi ka zo ji ba, sawun ruwa ka zo karantawa. Ka dubi bangon da ke fuskantar gabas, domin daga can hadarin Kano ke tasowa, shi ya fi shan duka. Ka dubi ƙarƙashin kowane indararo ko ruwa ya bi jikin bango ya yi masa hanya. Ka dubi gindin katanga, inda ruwan da ya faɗo ke fantsama, ko ya fara zaizayewa. Ka dubi kan zankwaye ko sun dakushe. A ciki ka haska kusurwoyin rufi ka nemi tabon jiƙa. Kakana yakan yi wannan zagayen a gidanmu da lokacin kaka ya yi, hannunsa a baya, yana cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shi ba karin magana yake nufi ba, bangon yake nufi. In ka iya wannan karatun a Gidan Makama, za ka iya shi a kowane lungu na Kano, da Zariya, da Katsina, da Damagaram.

Akwai gwajin da nake so ka koya, amma ka yi shi a tsofaffin gidajen unguwa da izinin masu su, kada ka ƙwanƙwasa bangon gidan tarihi. In ka ga ginin ƙasa da aka shafe da siminti, ka buga da bayan yatsa. In ka ji ya yi ƙarar ganga, siminti ya rabu da ƙasar, akwai rami a tsakani. Na san wannan da ciwo. Shekara biyu bayan rasuwar kakana, manyanmu suka haɗa kuɗi aka shafe gidan gado da siminti, da kyakkyawar niyya, don a huta da yaɓen kowace shekara. Ya yi kyau ƙwarai a shekarar farko. Amma ƙasa tana numfashi, tana shan laima tana fitarwa, siminti kuwa ba ya bari. Ruwa ya samu 'yar tsaga ta sama ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon daga ciki, mu kuwa muna ganin waje lafiya lau. A damina ta bakwai, da dare, bangon zauren na gabas ya zauna gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Da safe na tsaya ina kallon ƙafafun bakan da kakana ya ɗaura, azarar ko ɗaya ba ta ruɓe ba, igiyar ma tana nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin da mun ci gaba da ba shi kwandon ƙasa da ruwan makuba, da yana tsaye.

In da yara za ka je, kada ka ba su takardar tambayoyi tun a ƙofa. Ka ba kowane fensir da farar takarda, ka zaunar da su a ɗaki ɗaya su zana rufin. Zanen ba zai yi kyau ba, ba shi ake nema ba. Yaron da ya yi ƙoƙarin zana inda baka huɗu suka haɗu dole ya tambayi kansa wanne ya hau kan wanne, kuma daga nan tambayoyin kirki ke fitowa. Wata yarinya 'yar aji biyu ta taɓa tambayata, "Malam, da suna ɗaurawa, me ya riƙe shi kafin su haɗu?" Na ce mata igiya, da busasshiyar ƙasa, da nauyin bangon da ke danne gindin azarar. Ta koma ta sake zanen daga farko.

In rana ba ta yi nisa ba, ka ƙarasa unguwar Nasarawa ka ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a can a 1909. Tubali ɗaya ne, azara ɗaya, hannun maginan Kano ne, amma mai zaman ciki Bature ne, kuma bayan abin da ka koya da safe za ka iya gane inda ginin ya bi buƙatarsa da inda ya tsaya kan al'adarsa. Ranar da ka samu sarari kuma ka tafi Zariya ka shiga tsohon Masallacin Juma'a, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. An kewaye shi da sabon gini, amma bakunan suna ciki. Can ma ka tafi da tocilarka, ka fara ƙirgar ƙafafu daga ginshiƙin da ya fi kusa da ƙofar da ka shiga.